Bokitin Sahura a Bakin Zaure

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Inna Zulai a Yargalma ya san shuɗin bokitin nan da ke ajiye a bakin zaure, ta ciki, gefen hagu. Kusa da shi akwai sabulu a murfin gwangwani, da soso, da ɗan shingen zana da mutum zai ɓuya ya watsa ruwa. A bangon zauren an kafa ƙusa, farar riga da wando suna rataye. Sahura ce ta tsara wannan duka tun satin da aka kawo ta gidan, ita ce matar Mu'azu, ɗan Inna na fari. Dokarta ɗaya ce: in mijinta ya dawo daga ramin zinari, ba zai taka tsakar gida ba sai ya tuɓe kayan aiki, ya yi wanka, ya sa masu tsabta.

Dokar tana da asali. Sahura tana da shekara goma sha ɗaya lokacin da gubar dalma ta faɗa wa garin, a 2010. A wancan lokacin maza suna kawo buhunan duwatsu har cikin gida, mata su daka a turmin da suke daka gero, 'yan mata su tankaɗe. Aikin Sahura ke nan, tankaɗe. Tana yi tana goye da ƙanwarta Amira, ƙanenta Haris kuma yana zaune a gefe yana zana hanyar mota a cikin garin dutsen da yatsa. Cikin kwana tara yaran nan biyu suka tafi, Haris da farko, sannan Amira, kowanne da jijjiga da suma. Daga baya baƙi suka zo da takunkumi a fuska, suka kankare ƙasar gidaje, suka ɗura a buhuna, suka kawo sabuwa suka zuba. Ita Sahura ba a kwantar da ita ba, an ce ta wuce shekarun da suka fi haɗari. Amma wata rana tana tsaye bayan mata, ta ji wata ma'aikaciyar lafiya tana cewa dalma tana iya ɓuya a ƙashin mutum shekara da shekaru, sai mace ta ɗauki ciki ta fito. Sauran bayanin duk ya tashi daga kanta. Wannan kaɗai ya zauna.

Mu'azu manomi ne da damina, mahaƙi da rani, kamar rabin samarin garin. Mutum ne mai barkwanci, mai faɗin kafaɗa, wanda in ya yi dariya sai kaji sun watse. Tun yana zuwa zance ta gaya masa ita ba a shigo mata da dutse gida. Ya ce ya ji. Da ya ga bokiti da ƙusa bayan biki, sai ya riƙe baki.

“Ashe duba-gari na auro ban sani ba. Hajiya Duba-gari, yau nawa za a ci ni tara?”

“Ka dai cuɗa bayan kunne, Malam. Ina ganin ka ta zana.”

“To ki daina leƙe mana, ɗiyar mutane.”

Sunan ya bi ta. Har Inna, in tana cikin raha, Duba-gari take ce mata. Kuma Mu'azu bai taɓa karya dokar ba, ko sau ɗaya. Ko da sanyi ya yi wanka, ko da yunwa ya yi wanka. Wannan Sahura tana faɗa wa duk wanda ya tambaye ta shi, har gobe.

Shekara biyu ba ta samu ciki ba. A cikin shekara ta uku ramukan kusa suka yi ƙasa, Mu'azu ya bi ayarin kawunsa Sharu zuwa wani sansani can bayan Sunke, inda mahaƙa daga jihohi daban-daban suka kafa rumfuna. Da farko sati ɗaya yake yi ya dawo. Sannan ya koma sati uku. Sharu da kansa ya bar wurin ya dawo gona, ya ce gwiwarsa ta gaji, bai ƙara ko kalma a kai ba.

A shekarar ta samu ciki. Yana wata takwas motsi ya tsaya, ta haifi ɗa namiji ba rai. Matan da suka zo barka da arziki suka zauna jugum a tabarma, ɗaya ta ce abin da kowa yake tunani.

“Dalma ta. Ai ɗiyan wannan shekara da yawa haka suka ƙare.”

Sahura ba ta yi musu ba, don ita ma abin da ta ce wa kanta ke nan. Da ta gama wankan jego, ba jariri a hannu, ta ɗauki fartanya ta kankare ƙasar ɗakinta da ta ƙofar ɗaki, kamar yadda ta ga baƙin nan sun yi. Ta kwashe a kwano ta kai bayan gari, ta ɗebo jar ƙasa daga gonar Sharu ta zuba, ta daɓe. A kwanakin ne wasu jajayen tabo suka fito mata a tafin hannu da tafin ƙafa, ba ƙaiƙayi ba zafi. Ta ce ƙasar ce ta ci mata fata. Ta shafa man kaɗanya, bayan 'yan makonni suka ɓace.

Ciki na biyu ya kai wata tara. Mace ce, ta zo da rai, ta yi kuka ƙasa-ƙasa. Amma fatar hannunta da ta ƙafarta tana saluɓewa, hancinta kullum a toshe da majina, ta kasa kama nono. Ranar kwana shida, ana jiƙa geron kunun suna, ta cika. Mu'azu yana gida a lokacin. Ya zauna bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa, daga baya ya ce mata, “Ki bar kuka, Duba-gari. Ba ke kika sa ma kanki ba.” Ita kuwa a ranta ta riga ta yanke hukunci: ƙashinta ne yake kashe mata 'ya'ya, ƙurar da ta shaƙa tana tankaɗe ita ce take biyo ta. Ta sake kankare gidan, wannan karon har madafa da gindin randa.

Shi ma mijin ya canza, kuma shi ma dalma ta ɗora wa. Ya rame har rigar ƙusa ta koma yi masa yawa. Leɓɓansa suka tsage, suka yi baƙi kamar an ɗana musu wuta, babban yatsansa na dama duk ƙuna. In ya dawo, wani lokaci ya yi ta surutu yana zagaye tsakar gida, wani lokaci ya kwanta kwana biyu kamar gawa, ya tashi da faɗa a kan tuwo ya yi sanyi. Babur ɗinsa ya tafi gyara bai dawo ba. Sahura ta ji ana cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar manya, tana sa fushi da mantuwa. Sai ta ƙara sabulu a murfin gwangwani, ta koma wanke kayan aikinsa a bakin rafi maimakon bayan gida.

Da ciki na uku ya shiga wata biyar, ta ji motsi sosai, irin na ɗan da yake son zama. Ta kasa cin abinci don tsoro. A cikin biyun farko ba ta je awo ba, hanya ba lafiya, kuma tana ganin ta riga ta san ciwonta. Wannan karon ta durƙusa gaban Inna.

“Inna, so nike in tahi Anka. Can aka saba auna dalma. In akwai maganin da aka ba yara, ni ma su ba ni.”

“Da wanga ciki za ki hau mota, ga hanya yadda take?”

“In na zauna ma na san abin da za ya faru.”

Inna ta ce Sharu ya raka ta. Suka sauka gidan Goggo Sa'a, ƙanwar mahaifin Sahura, mai sayar da fura kusa da tasha.

A asibiti ta haɗu da Malama Rahina, ungozoma, mace mai jiki da tabarau a kan hanci. Sahura ba ta bari an tambaye ta ba.

“Malama, dalma ta, cikin ƙashina take. Biyu ta ɗauke mini.”

“To likita, tunda kin gama bincike, ni sai in tashi in ba ki kujerar. Miƙo hannu. Yau jini biyu za mu ɗiba, na dalmarki da nawa.”

Ta tambaye ta yadda jariran suka zo. Da Sahura ta kai kan fatar da take saluɓewa da hancin da ya toshe, Malama Rahina ta ajiye biro. Ta tambaya ko ita ta taɓa ganin tabo a tafin hannunta. Sahura ta ce eh, lokacin da ta kankare ƙasa.

Washegari Malama Rahina ta shigar da ita wani ɗan ɗaki ta tura ƙofa. Ta ce akwai dalma a jininta, amma kaɗan, ba ta kai ta yi wannan ɓarnar ba. Abin da aka gani tunjere ne. Ciwo ne da ake ɗauka wajen kwanciya, yana fitowa kamar ɗan gyambo marar zafi ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ya shige jini. In mace tana da ciki sai ya bi mahaifa ya sami ɗan.

Sahura ta daɗe tana kallon tabarau ɗin matar. Abin da ya fara zuwa mata ba fushi ba ne. Kwanukan ƙasar da ta yi ta ɗauka a ka zuwa bayan gari ta tuna, da yadda wuyanta yake ciwo.

“Ni ban san kowa ba sai shi, Malama.”

“Ban ce kin sani ba, ƙanwata. Saurara, ga mai daɗin. Yana da magani, kuma kin zo da sauran lokaci. Allura uku, sati-sati. Amma shi ma sai an yi masa, ukun cif. In ke kin warke shi bai warke ba, ya kusance ki, kamar ba a yi komai ba ne. Ɗan nan ba ya da wata dama bayan wannan. Kin gane ni?”

Ta gane. An yi mata ta farko a ranar, allura mai kauri da ta sa ta ɗingisa har tasha. Aka ba ta kati biyu, nata da na mijinta, kowanne da gida uku da za a sa hannu.

A mota ta kasa duban Sharu. Sai da suka sauka suka kama hanyar ƙafa, shi a gaba ita a baya, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

“Ba dalma ba ta, ko?”

“A'a, Kawu.”

Ya yi tafiya kaɗan. Sannan ya gaya mata dalilin da ya sa ya baro sansanin. Wasu fatake ne suka kawo hodar iblis, irin daskararriyar nan da ake ƙonawa a ɗan bututu a zuƙi hayaƙin. Suka ce tana cire tsoron rami, tana kashe gajiya. Daɗinta ba ya wuce 'yan mintuna, yana sauka mutum ya nemi wata, ya sayar da rabonsa na zinari tun ba a wanke ba. A bayan rumfunan akwai mata, su ma abin ya kama su, wasu da aurensu suka zo sayar da abinci. Zuƙa ɗaya ake ba mace ta ba da kanta, kuma wanda hayaƙin ya hau kansa ba ya tambayar wa ya riga shi. Bututu ɗaya yana zagaya baki goma, duk leɓɓa a fashe.

“Na yi mishi hwaɗa, ya rantse mini ya bari. Ban san abin za ya biyo shi har ɗakinki ba. Ki yahe mini, ɗiyata.”

Bayan kwana huɗu Mu'azu ya dawo, da hantsi. Ta ji ƙarar ruwa a bayan zana. Ta bari ya sa farar rigar, sannan ta same shi a zaure ta miƙa masa katin. Ta gaya masa komai da murya ƙasa, don kada Inna ta ji. Ya ce ƙarya ne, 'yan asibiti ba su rasa abin faɗa. Ya ce shi lafiyarsa lau. Sannan ya ce, gyambon ai tun bara waccan ne, kuma ya sayi kafso a kasuwar Gummi ya sha, ya warke sarai. Yana faɗin haka ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa.

“Yarinyar nan,” ya ce. “Mai hannuwan nan. Ni na?”

Ya yi kuka irin wanda ba ta taɓa ganin namiji ya yi ba, yana cusa rigar a baki.

Ranar allurarta ta biyu tare suka je Anka. Malama Rahina ta dube shi ta saman tabarau ta ce, “Ango, ka kyauta. Juya ka kama gadon nan, kuma kada ka ba ni kunya gaban matarka.” Aka sa hannu a gidan farko na katinsa. A hanyar dawowa har ya saya mata rake. Kwana uku yana gida, yana rawar jiki, yana haɗa gumi, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ran na huɗu ya ce zai je ya karɓo kayansa ya dawo kafin ranar allura. Ta uku ba shi, ita da Sharu suka je.

Sai bayan sati biyar ya dawo, ana gab da la'asar. Ya yi wankansa tsaf, ya sa farar riga, ya gaida Inna, ya nufo ɗaki. Idanunsa sun yi ja, yana ta lasar leɓe. Sahura tana tsaye a bakin ƙofa da cikinta wata bakwai, hannu ɗaya a kan dogarin ƙofar.

“Matsa in shiga, Duba-gari.”

“Malam, ina katinka?”

“Na yi wanka. Duba bayan kunnen ki gani.”

“Na gani. Ina katin?”

“Ke, ɗakina na. Ni da ɗakina?”

“Naka na. Gobe mu tahi Anka a sake ma daga farko. Ran da aka cika ukun, ni da kaina za ni ɗauke labulen.”

Inna ta taso daga gindin turmi tana salati. “Ke ɗiyar nan, mi ya same ki? Miji ya dawo daga daji ki tare mishi ƙofa? Ya yi wankan, mi kuma kike so, ya feɗe fatarshi?”

Kalma ɗaya za ta faɗa Inna ta koma bayanta. Sahura ta dubi tsohuwar, ta dubi mijinta da yake kallon ƙasa yana jiran ta faɗa. Ta ce, “Dalma ta, Inna. Likita ta ce kada ya kusance ni sai na haihu.”

Mu'azu ya ɗago ya dube ta. Ya juya zaure. Ta ji shi yana tuɓe farar rigar, ya rataye ta a ƙusa kamar kullum, ya mayar da kayan aikinsa masu ƙura. Da Inna ta leƙa, ba kowa.

Sati na zagayowa Sahura ta koma gidan Goggo Sa'a, don ta haihu kusa da asibiti. Ta haifi mace, mai cikakken nauyi, mai ƙarar murya. Abin da ta fara yi da aka miƙa mata ita, ta buɗe 'yan tafin hannun ta duba, ta duba na ƙafa, ta sake dubawa. Malama Rahina ta ce, “Ƙirga yatsun ma, ko mun ɓoye ɗaya.” An yi wa jaririyar abin da ya kamata, an auna ta, aka sallame su. Sharu ne ya tsaya a madadin uba ranar suna, shi ya raɗa mata Maimunatu. An aika sansanin bayan Sunke, aka ce Mu'azu ya bi wasu mahaƙa kudu. Daga baya wani ya ce ya gan shi a tashar Gummi, wani ya ce ba shi ba ne.

Yanzu Maimunatu tana tafiya, tana bin kaji da kara. Sahura tana soya ƙuli-ƙuli tana aikawa kasuwar Bukkuyum. A Yargalma labarin da ake bayarwa shi ne Duba-gari ta kankare gidanta sau biyu har ta ci ƙarfin dalma, ga ɗiya nan ta tsaya. Matan da suka yi ɓari suna zuwa aron fartanyarta, suna tambayar daga wace gona ta ɗebo ƙasa. Tana ba su, don dalma ba ƙarya ba ce, ita ta binne mata ƙanne biyu. Amma ba ta sakin ƙotar sai ta kama hannun mace ta juya tafin ta duba, ta ce, “In kin gama, ki tahi awo, ki ce su ɗibi jini biyu. Ki ja mijinki ku tahi tare.” Wasu suna dariya su ce duba-garin ya koma likita. Biyu sun je.

Inna har yau ba ta sani ba. Takan zauna da jikarta a cinya ta ce dalma ce ta taɓa wa ɗanta kai, Allah Ya sa ya tuna hanyar gida. Sahura takan ce amin.

Farar rigar tana nan a ƙusa. Duk wata Sahura tana sauke ta ta wanke saboda ƙura, kuma kafin ta tsoma ta a ruwa sai ta zare katin daga aljihu ta ajiye a kan bango. A aljihun nan ta same shi ranar da ya tafi, a ninke biyu, gida ɗaya da sa hannu, biyu babu komai. In rigar ta bushe sai ta mayar da shi.